Maki tara cikin goma ba ya kawo barci

Tambayi duk wanda ya dawo daga ƙasar waje yadda ya samu otal ɗin da ya sauka, ka ji amsarsa. Zai ce maka tagar ɗakinsa tana kallon kogi, ko ma'aikaciyar da ta karɓe shi ta kira sunansa daidai, ko kuwa karin kumallon ba a magana. In kuma abin bai yi daɗi ba, labari ɗaya zai riƙe, galibi rigimar kuɗi a ranar tafiya, ya yi ta maimaita shi shekara da shekaru. Wanda ya yi kwana biyar ya shafe sa'o'i wajen 120 ke nan a ginin, amma abin da ya rage masa a rai bai kai na minti ashirin ba.

Da a ce wannan hirar tsakanin abokai take tsayawa, da babu abin damuwa. To amma yau ita ce kasuwar. Tun da aka buɗe TripAdvisor, shafin intanet da matafiya ke rubuta sharhi a kan otal-otal, a shekarar 2000, kuma Booking.com da ire-irensa suka mamaye harkar kama ɗaki, abin da baƙo ya tuna shi ake tarawa a mayar da shi lamba, a liƙa a gefen sunan otal. Wani da bai taɓa taka garin ba sai ya dubi lambar, ya biya kuɗin kwana bakwai waɗanda ba a mayarwa. Ni a ganina an ɗora wa tunawar matafiya kayan da ya fi ƙarfinta. Akwai abin da ta fi kowa sani, zan zo kansa. Amma ko mutum zai samu barci, ko guzurinsa zai kai shi ƙarshen tafiya, ko zai fita da ransa idan gobara ta tashi, waɗannan ba a hannun baƙon jiya ya kamata a bar su ba. Otal ɗin ne ya kamata doka ta tilasta wa ya rubuta su a fili kafin a biya shi.

A 1993 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji da ya yi suna. An sa mutane su tsoma hannu cikin ruwa mai sanyin digiri 14 na tsawon daƙiƙa 60. A wani zagayen aka sa su yi daƙiƙa 60 ɗin nan, aka ƙara musu wasu 30, sai dai a ƙarin an ɗan ɗumama ruwan da digiri ɗaya kacal. Da aka ce su zaɓi wanda za a maimaita musu, mafi yawansu mai tsawon suka zaɓa, alhali wahalarsa ta fi. Ƙwaƙwalwa ba ta tara lokaci ta raba daidai. Inda abu ya fi tsanani take riƙewa, sai kuma yadda ya ƙare. Masu otal ko ba su karanta binciken ba sun san shi a aikace. Shi ya sa kuɗin gyara ke fara tafiya wajen karɓar baƙi: dutsen ado, fitilu, ƙamshi, kofin lemo mai sanyi ga wanda ya shigo. Shi ya sa kuma ranar tafiya ake tambayarka yadda ka kwana cikin fara'a, a ɗauko maka jaka, sannan saƙon neman maki ya faɗo wayarka tun ɗumin sallamar bai huce ba. Canza katifa ɗari biyu, ko ƙara wa tagogi gilashi na biyu, aiki ne mai cin kuɗi wanda ba ya fitowa a hoto.

Yadda mutum ya shigo ma yana shafar komai, kuma sau da yawa ba laifin kowa ba ne. Jiragen dogon zango da yawa da sassafe suke sauka, otal kuwa ba ya ba da ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana. Ba mugunta ba ce. Baƙin jiya suna da dama har ƙarfe sha ɗaya ko sha biyu, mai gyaran ɗaki yana buƙatar kimanin rabin sa'a a kan kowane ɗakin da aka bari, ɗakuna fiye da goma ne a wuyansa, kuma sai mai duba aiki ya leƙa ya tabbatar kafin a saki ɗakin a kwamfuta. Matafiyin da ya iso ƙarfe bakwai na safe bai runtsa ba, ya zauna a kujera yana gyangyaɗi, jakarsa tsakanin ƙafafunsa, idonsa ja, yana kallon ma'aikaci yana ce masa ya ƙara haƙuri, zai je ya rubuta cewa mutanen gidan ba su da kirki, ya ba su maki huɗu. Wanda ya iso ƙarfe huɗu na yamma ya ba su tara. Ga mai son ya tarar da gado a shirye da safe, hanya ɗaya ce tabbatacciya: ya kama daren da ya gabata ya biya. Amma dole ya sanar da otal a rubuce cewa sai da safe zai iso. In bai yi ba, cikin dare za a rubuta shi a wanda bai zo ba, a soke sauran kwanakin, a sayar wa wani ɗakin.

Babbar matsalar lambar nan ita ce tana haɗa abubuwan da ba su da alaƙa. Otal guda a tsakiyar birni, in ka duba da kyau, otal biyu ne ko uku a gini ɗaya. Akwai ɗakunan da ke kallon titi, a hawa na biyu, sama da mashaya, inda motar kwasar shara ke tsayawa da asuba tana juye kwalabe. Akwai na baya masu kallon tsakar gini, shiru kamar ba a birni ba. Akwai wanda bangonsa ke manne da ramin lif, duk hawa da sauka kana jin gurnanin injin a cikin matashin kanka. Akwai mai ƙofar tsakiya da ke haɗa shi da ɗakin maƙwabci, wadda ko a kulle take tana shigo da tari da hirar waya. Akwai ma wanda ba shi da taga sam, ko tagar tana kallon bango mai tazarar taku biyu. Duk waɗannan sunansu ɗaya a shafin kama ɗaki, hotonsu ɗaya, kuma an ɗauki hoton ne daga kusurwa da madubin kamara mai faɗaɗa wuri, ɗakin da bai wuce murabba'in mita 12 ba sai ya fito kamar falo. Wa ake ba wanne? Wanda ya biya mafi arha ta shafin dillalai, inda otal ke ba dillalin kashi 15 cikin ɗari ko fiye, bai kamata ya sa ran shi za a ajiye wa mai kyau ba. Ma'aikacin da ke rabon ɗakuna da safe yana fara duba baƙin da suka saba zuwa da waɗanda suka biya kai tsaye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce don a samu barci mai kyau, ƙara a cikin ɗakin kwana da dare kada ta wuce desibel 30. Abu ne da ake aunawa da na'ura ƙarama cikin dare ɗaya. Shafukan kama ɗaki suna faɗa maka ko akwai dutsen guga da na'urar busar da gashi, amma ba sa faɗin wannan, alhali barci ne ainihin abin da aka je saye.

Haka lokacin shekara. Tsofaffin otal-otal da yawa a Turai suna da tsarin bututu biyu ne kawai: ko dai ruwan zafi ke zagaya ginin don ɗumama ɗakuna, ko ruwan sanyi don sanyaya su, ba a yin duka biyun a lokaci ɗaya. Injiniyan gidan ne ke juya tsarin gaba ɗaya sau biyu a shekara. Baƙon da ya zo a watan Afrilu ko Oktoba aka yi ranar zafi, zai yi ta danna maɓallin bango har ya gaji, iska mai ɗumi ce za ta ci gaba da fitowa. Zai rubuta cewa na'urar sanyaya ɗaki ta lalace. Ba ta lalace ba, kuma wanda ya zo a Yuli ya yaba mata shi ma gaskiya ya faɗa. In an haɗa makinsu aka raba biyu, lambar da za ta fito ba ta bayyana ko ɗaya daga cikin dararen biyun ba.

Wannan duk idan masu rubutun sun kwana a wurin ke nan. Booking.com yana karɓar sharhi ne daga wanda ya kama ɗaki ta shafinsa, TripAdvisor kuwa ba ya neman rasit. Sayen yabo na ƙarya sana'a ce da ta daɗe, haka ma aika yara su ɓata sunan abokin gasa. A ƙarshen 2014 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci TripAdvisor tarar Yuro 500,000 a kan wannan batu, kotu ta soke tarar a 2015. Daga Oktoban 2024 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta haramta saye da sayar da sharhin bogi, Birtaniya ta bi sahu daga Afrilun 2025. Mataki ne mai kyau, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ko an kawar da duk maƙaryata, masu gaskiyar da suka rage abin da ƙwaƙwalwarsu ta zaɓa za su rubuta.

Wani zai ce ai akwai taurari. Taurari ba su da ma'ana ɗaya a duniya. Ƙasashen Turai da dama, ciki har da Jamus da Austiriya da Holan, suna bin tsarin Hotelstars da aka kafa a 2009, mai sharuɗɗa fiye da 200. Faransa tana da nata, ana sabunta shi duk shekara biyar. A Amurka gwamnati ba ta ba da tauraro, ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke yi. Shahararren Burj Al Arab na Dubai da ake ce wa mai taurari bakwai, a hukumance biyar gare shi, babu wani tsari mai bakwai. Kuma abin da yawancin tsare-tsaren ke ƙirgawa kayan aiki ne: akwai lif, sa'a nawa teburin karɓar baƙi ke buɗe, ana ɗaukar wa baƙo kaya, akwai allura da zare. Mai taurari huɗu da aka yi shekara ashirin ba a canza bututunsa ba yana nan da taurarinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin haɗarin da baƙo ba zai taɓa tunawa da shi ba, don bai faru a darensa ba. Ranar 21 ga Nuwamba 1980 gobara ta tashi a wani gidan abinci da ke ƙasan otal ɗin MGM Grand a Las Vegas ta Amurka. Mutum 85 suka mutu, kuma mafi yawansu ba wuta ce ta taɓa su ba. Suna can a hawa na sama, hayaƙi ya bi ta ramin lif da matakala da hanyoyin iska ya tarar da su. Sashen da wutar ta fara babu bututun yayyafa ruwa na kashe gobara. Dubban mutane sun kwana a ginin kafin wannan rana, kuma da a ce akwai shafukan sharhi a lokacin, da yabo za a tarar. Ba wanda ke dawowa daga tafiya ya ce ƙofar matakalar gaggawa tana rufe kanta da kyau, ko na'urar gano hayaƙi tana aiki. Wanda bai ga gobara ba ba shi da abin faɗa, wanda ya gani kuwa ba sharhi ne a gabansa ba.

A nan abin da baƙo zai iya yi da kansa kaɗan ne, amma ba ya cin minti biyar. A bayan ƙofar ɗaki akwai taswirar hawan. A duba ta, a fita a ƙirga ƙofofi nawa ne daga ɗaki zuwa matakalar gaggawa, domin cikin hayaƙi ba a ganin alamar da ke sama, rarrafe ake yi ana shafa bango. A tura ƙofar matakalar a tabbatar ba a kulle ta ba, ba a kuma jibge keken kayan wanki a bayanta ba. A ɗaga kai a ga ko akwai kan bututun yayyafi a rufin ɗakin. Katin ɗaki ya kwana kusa da gado, don wanda ya fita ya tarar hanya ta toshe yana buƙatar komawa ciki ya toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul. Ba a shiga lif. Tsanin motar kashe gobara na yau da kullum kimanin mita 30 yake kaiwa, wato bai cika wuce hawa na goma ba, saboda haka mai neman hawa na talatin don kyan kallo ya san cewa ingancin ginin kaɗai ya dogara da shi. Ko ginin yana da ingancin, hukuma ce ta sani, kuma takardar binciken tana cikin aljihun teburin manaja.

Akwai kuma abin da ke bayyana bayan an riga an ba da maki. Cutar huhun nan da ake kira Lijiyonela an gano ta ne bayan taron tsofaffin sojoji a wani otal na birnin Filadelfiya a Amurka a 1976, inda kimanin mutum 30 suka rasu. Ƙwayar cutar tana yaɗuwa a ruwan da ya kwanta cikin bututu da ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, shi ya sa ake so a ajiye ruwan zafi a tanki a digiri 60, a kuma riƙa buɗe famfon ɗakunan da suka daɗe babu kowa. Ana shaƙarta ne a tururin wanka, kuma sai bayan kwana biyu zuwa goma take nuna kanta. Kafin nan baƙo ya koma gida, ya rubuta cewa ruwan wankan yana da ƙarfi. Kuɗin cizo ma haka: a jikin wasu sai bayan kwanaki cizonsa ke tasowa, kuma bai san tauraro ba, jakar baƙo yake bi ya shiga kowane irin gida. Hanyar dubawa ita ce a fara ajiye jaka a banɗaki kan tayil, a yaye zanin gado ta wajen kai, a haska fitilar waya a bin ɗinkin katifa da bayan allon gado. Ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar na tawada, ko ɓawon ƙwaro, sun isa a nemi wani ɗaki, kuma ba na jikin wannan ba.

Sai kuɗi, wanda shi ne ya fi haifar da mummunan labari, kuma shi ne ya fi sauƙin gyarawa. Farashin da ya jawo hankalin mutum a shafin farko sau da yawa ba shi zai biya ba. Birane da yawa suna karɓar harajin kwana. Amsterdam tana karɓar kashi 12.5 cikin ɗari na kuɗin ɗaki tun daga 2024. A Roma harajin a kan kowane mutum yake, kowane dare, kuma a otal mai taurari biyar ya kai Yuro 10, wato mutum biyu a kwana biyar Yuro 100 ke nan, a teburin otal ake biya. Dubai tun 2014 tana da nata, har dirhami 20 a kowane ɗaki kowane dare. Waɗannan aƙalla haraji ne na hukuma. A Las Vegas da wasu biranen Amurka otal-otal sun ƙirƙiro wani kuɗi na dole da sunan amfani da wurin ninƙaya da intanet, wanda kan haura dala 40 a dare, ko ka yi amfani da su ko ba ka yi ba.

Wanda ya fi kama mutane ba shiri shi ne kuɗin da ake riƙewa a kati. Ranar shiga ana karɓar katin banki a toshe wani adadi don ko baƙo zai ci wani abu ko ya yi ɓarna, a wasu wurare har dala 100 a kowane dare. A katin bashi wannan rage iyakar abin da za ka iya kashewa kawai yake yi. A katin da ke cira kai tsaye daga asusu kuwa, kuɗinka ne na gaske aka ɗaure, ba za ka taɓa su ba. Otal zai ce ya sake su ranar da ka fita, kuma yana iya zama gaskiya, amma bankinka ne ke da ta cewa, daga 'yan kwanaki har zuwa wata guda. In ka biya kuɗin ƙarshe da wani katin daban, na farkon yakan fi daɗewa a ɗaure, don babu cinikin da ya rufe shi. Mai zagaya birni uku yana iya tarar da an riƙe masa kuɗi a wuri uku a lokaci guda, ya tsaya a gaban injin cirar kuɗi yana mamaki. Ga kuma tambayar da na'urar kati ke yi cikin ladabi, ko a caje ka da kuɗin ƙasarka ko na ƙasar da kake. A zaɓi na ƙasar da ake ciki, domin ɗayan canjinsa ya fi tsada, kuma otal yana da kaso a ciki. Ƙaramin firij ɗin ɗaki ma a wasu manyan otal-otal yana da na'ura a ƙarƙashin kowace kwalba. Ka ɗaga ta don ka ajiye maganinka, ta shiga lissafinka.

Hukumomi sun fara motsawa. Daga 12 ga Mayu 2025 dokar Amurka ta wajabta wa otal da dillalai su nuna jimillar farashi tun farko, har da kuɗaɗen dole da otal ya ƙirƙiro, ko da yake ba ta hana karɓarsu ba, kuma harajin gwamnati ana iya barinsa sai gab da biya. Birtaniya ma ta hana ɗigo farashi kaɗan-kaɗan, wato ɓoye kuɗaɗen dole sai an zo gaba a ƙara su. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne. Abin da nake ganin ya rage shi ne a faɗaɗa wajibcin. Kafin mutum ya danna biya, a nuna masa jimillar kuɗi har da harajin birni, da adadin da za a riƙe a katinsa. A faɗi girman mafi ƙanƙantar ɗaki a rukunin da ya zaɓa, ba mafi girma ba. A faɗi ko akwai taga, ko tana buɗuwa, ko titi take kallo. A faɗi watannin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki. A rubuta ranar da hukumar kashe gobara ta duba ginin na ƙarshe, da ko akwai bututun yayyafi a ɗakuna. In ana gyaran gini a ranakun da ya zaɓa, a faɗa. Babu ko ɗaya a ciki da manaja bai riga ya sani ba.

Masu otal suna da nasu ƙorafin, kuma ba duka ne na banza ba. Ƙaramin otal mai ɗaki ashirin, wanda iyali ɗaya ke gudanarwa, ba shi da lauya da zai bi kowace sabuwar ƙa'ida, kuma tsohon gini ɗakunansa ba su da girma iri ɗaya. Sun kuma gaji da baƙin da ke tsayawa a tebur suna cewa a rage musu kuɗi ko su je su rubuta. Amma idan aka duba da kyau, ƙaramin otal mai gaskiya shi zai fi cin ribar wannan tsari. Wanda aka gaya masa tun farko cewa ɗakin ƙarami ne, babu lif, kuma akwai coci a maƙwabta mai buga ƙararrawa da safe, in ya zo ba zai yi fushi ba, don da saninsa ya zaɓa. Yawancin maki ɗaya da biyu ba daga munin wuri suke fitowa ba, daga tazarar da ke tsakanin abin da aka nuna da abin da aka tarar ne. Wanda tsarin zai cutar shi ne mai cin abinci da wannan tazarar.

To me tunawar matafiyi ta fi kowa sani? Halin mutanen gidan a lokacin da abu ya lalace. Babu mai binciken gwamnati da zai auna wannan. Otal-otal suna sayar da ɗakuna fiye da waɗanda suke da su, suna lissafin wasu ba za su zo ba, kuma wani daren kowa sai ya zo. Wanda ya iso ƙarshe, ƙarfe ɗaya na dare, shi ake ce wa babu ɗaki. A gidan kirki za a kama masa wani otal daidai da wannan ko wanda ya fi, a biya motar da za ta kai shi da kuɗin daren, a dawo da shi washegari. A wani gidan kuwa ɗaga kafaɗa za a yi, a ce ya kira dillalin da ya sayar masa. Haka idan ruwan zafi ya ɗauke, ko katin ɗaki ya ƙi buɗewa don an ƙara kwana ba a sabunta shi ba, ko yaro ya kamu da zazzaɓi cikin dare ana neman likita. Irin wannan labarin daga bakin wanda abin ya faru da shi kaɗai ake samunsa, kuma ya fi lambar da ke saman shafi daraja nesa ba kusa ba.

Saboda haka karanta sharhi ma akwai yadda ake yinsa. A bar masu goma da masu ɗaya, a je wajen masu shida da bakwai, su ne ke faɗin daɗi da rashinsa a rubutu guda. A jera su daga sabo zuwa tsoho, domin otal yana canza manaja ko mai shi, yabon shekara uku da suka wuce na wasu mutane ne. A nemi na watan da za a yi tafiyar. A yi watsi da kalmomi irin su "kyakkyawa" da "abin takaici", a nemi sunayen abubuwa: idan mutum biyar da ba su san juna ba sun ambaci warin magudanar banɗaki ko jiran lif na minti goma da safe, abin yana nan. A kuma karanta amsar manaja. Wanda ke ba kowa amsa iri ɗaya da aka kwafa, ko yake zagin mai ƙorafi, haka za ka same shi a tebur.

Mai rubutawa kuma, in yana son na bayansa ya amfana, ya jinkirta mako biyu kafin ya ba da maki, har katinsa ya warware, jikinsa kuma ya nuna abin da zai nuna. Sannan ya rubuta hawan da ya kwana da ɓangaren da tagarsa ke kallo, watan da ya je, ƙarfe nawa ya iso da ƙarfe nawa aka ba shi ɗaki, nawa aka riƙe masa a kati da kwana nawa suka yi kafin su dawo, minti nawa ne a ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa ga mai jan akwati, da abin da aka yi masa ranar da ya kai kuka.